Hemingway, Steinbeck ko Morrison: Da Wa Ya Kamata Ka Fara?

Wani ƙanena da ya gama karatun lissafin kuɗi ya zo mini da tambaya kwanakin baya. Ya ce ya karanta marubutan Afirka daidai gwargwado tun yana sakandare, yanzu yana so ya leƙa wajen na Amurka. Sai dai kuɗin littafi ɗaya gare shi, lokacin karatunsa kuma bayan sallar isha'i ne, kafin barci ya ci ƙarfinsa. Sunaye uku ya fi ji a bakin mutane: Ernest Hemingway, John Steinbeck da Toni Morrison. "Yaya, wanne zan saya?"

Kyauta ba za ta raba wannan gardama ba, domin duk ukun sun ci Nobel ta adabi: Hemingway a 1954, Steinbeck a 1962, Morrison a 1993. Amsar da malamai suka saba bayarwa ita ce Hemingway, wai don Turancinsa ya fi sauƙi. Ni ban gamsu da ita ba. Abin da ke sa mutum ya ajiye littafi a shafi na talatin ba wuyar kalmomi kaɗai ba ne. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana da inda yake gajiyar da mai karatu, kuma wuraren sun bambanta. Kafin ka ba da kuɗinka, gara ka san wace gajiyar za ka iya ɗauka.

Mu fara da wanda ake tura kowa wajensa. An haifi Hemingway a 1899 a Oak Park, kusa da birnin Chicago. Bai shiga jami'a ba. Yana gama sakandare ya kama aikin jarida a Kansas City Star, inda aka hore shi da gajerun jimloli da zubar da duk kalmar da ba ta da aiki. A 1918 ya tafi Italiya yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a yaƙin duniya na ɗaya, aka ji masa mummunan rauni a ƙafa. Daga wannan ne A Farewell to Arms ya fito a 1929. Kafin shi akwai The Sun Also Rises na 1926, bayansa kuma For Whom the Bell Tolls na 1940, a kan yaƙin basasar Sifaniya. Amma wanda za a miƙo maka idan ka ce kana son Hemingway shi ne The Old Man and the Sea na 1952, wanda mujallar Life ta fara bugawa gaba ɗayansa a fitowa guda.

Labarin bai da yawa. Santiago tsohon masunci ne a Kyuba, ya yi kwana 84 bai kama ko kifi ɗaya ba. Yaron da ke taya shi, Manolin, iyayensa sun janye shi tun a kwana na arba'in, sun mai da shi jirgin da ke da sa'a. Ran kwana na 85 tsoho ya tura kwalekwalensa can cikin teku, nesa da inda sauran masunta ke tsayawa, sai wani ƙaton kifi mai dogon baki kamar mashi ya haɗiye ƙugiyarsa. Kifin ya ja shi har kwana na uku, igiya tana yanka masa tafin hannu. Da ya kashe shi ya ɗaure a gefen kwalekwale, sai manyan kifayen nan masu cin nama suka biyo warin jini. Ya yaƙe su da mashi, mashin ya tafi, ya ɗaura wuƙa a abin tuƙi, ita ma ta karye. Abin da ya iso gaɓa da shi ƙashi ne mai tsawon ƙafa 18.

Shafukan ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, kana iya gamawa a dare biyu, kuma da wuya ka buɗe ƙamus in ban da sunayen kifaye da kayan su. To ina matsalar? Hemingway ya taɓa kwatanta rubutunsa da dutsen ƙanƙara da ke yawo a teku, wanda kashi ɗaya cikin takwas kawai ke sama. Mu da ba mu san ƙanƙarar teku ba, mu ce dorina ce a kogi: kunnuwa da hanci kake gani, sauran jikin yana ƙasa. Ba zai gaya maka tsoho yana baƙin ciki ba. Zai ce ya sha ruwa, ya dubi hannunsa, ya ce da ma yaron yana nan. Wanda ya saba da irin wannan rubutu zai ji nauyin maganar. Wanda bai saba ba zai rufe littafin ya ce, yanzu duk wannan surutun a kan mutum ɗaya da kifi ɗaya ne? Na ga masu karatu da yawa sun gama shi ba tare da ya taɓa su ba, suka kuma yanke hukunci cewa adabin Amurka salam yake, ba gishiri. Sauƙin kalmominsa ne ya yaudare su suka yi ta gudu, alhali littafi ne da ake tafiya a hankali.

Akwai kuma wani abu. Duniyar Hemingway duniyar namiji ce shi kaɗai: soja, mafarauci, masunci, mai kallon wasan bijimai. Dangi ba su cika shigowa ba, mata kuwa sau da yawa suna nan ne don namiji ya so su ko ya rasa su. A manyan littattafansa kwalbar giya ba ta barin tebur. Mai karatun da ya tashi da labaran da gida ke cike da mutane, uwa da kishiya da kawu da maƙwabta kowa na sa baki, zai ji wurin ya yi masa shiru da yawa.

Steinbeck kuwa da tarin jama'a yake zuwa. An haife shi a 1902 a Salinas, cikin kwarin noma na Kaliforniya, ya yi aikin ƙwadago a gonaki tare da 'yan cirani, ya shiga jami'ar Stanford ya fita ba digiri. A 1936 wata jarida ta San Francisco ta aike shi ya rubuto halin da baƙin manoma ke ciki a sansanonin gefen hanya. Abin da ya gano can ne ya zama The Grapes of Wrath a 1939, wanda ya ci kyautar Pulitzer, babbar kyautar rubutu ta Amurka, a 1940.

A shekarun 1930 fari da guguwar ƙura sun cinye gonakin tsakiyar Amurka, a daidai lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya karye. Iyalin Joad manoma ne a jihar Oklahoma, gonar da kakansu ya share ta koma hannun banki saboda bashi, suka zama masu noma a raba amfani, daga baya ma aka ce su tashi, tarakta ɗaya za ta yi aikin gidaje da yawa. Tom Joad ya fito daga kurkuku bayan shekara huɗu, saboda ya kashe mutum a wani faɗa, ya tarar an ture gidansu. Suka sayar da abin da zai sayu a wulaƙance, suka yanke bayan wata tsohuwar mota suka mai da ita akori-kura, mutum 13 suka hau har da Jim Casy, wani mai wa'azi da ya daina wa'azi. Suka kama babbar hanya mai lamba 66 zuwa Kaliforniya, saboda wata takardar talla da ta ce ana neman masu tsinkar amfanin gona.

Wurin da na fi so a littafin ba wurin mutuwa ba ne, ko da yake akwai mutuwa, kakan tun ba a fita jihar ba, kakar kuma a tsakiyar hamada. Wani dare ne a wani masauki, inda wani mutum mai tsumma da ke dawowa daga Kaliforniya ya yi musu lissafin takardar nan. Mai gona yana son mutum 800, sai ya buga takarda 5,000, mutane wajen 20,000 su gani. In dubbai suka taru a ƙofarsa da yara masu jin yunwa, shi ne zai faɗi lada, su kuma su karɓa. Daga baya iyalin suka gani da idonsu: ana biyan su santi biyar a kan akwati ɗaya na 'ya'yan itace don su karya yajin aikin wasu, yajin na karyewa aka mai da shi biyu da rabi. Ƙanena ɗan lissafin kuɗi ne, na san wannan shafi zai tsayar da shi. Wanda kuma ya ji labarin farin 1973 ko na 1984 a bakin iyayensa, yadda gidaje suka kwashe kaya suka yi kudu, da yadda mutanen gari ke kallon baƙon da yunwa ta koro, ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan littafi. A Kaliforniya ana kiransu Okie, kalmar da asalinta sunan jiharsu ne amma ta koma zagi.

Sannan ga Ma Joad. A hankali maigida yana sanyi, tunda namijin da aka raba da gonarsa bai san inda zai sa kansa ba, ita kuwa uwar tana karɓar ragama ba tare da an naɗa ta ba. Akwai inda ta ɗauki ƙarfen jak ta tsaya ta ce ba mai raba tafiyar nan gida biyu. Akwai inda ta kwana kusa da gawar surukarta a bayan mota, ba ta faɗa wa kowa ba sai da suka ƙetare hamada, don kada a tsayar da su. Ban san wata uwa a littattafan Hemingway da za ta tsaya kusa da ita ba.

Yanzu ga inda Steinbeck ke gajiyarwa, kuma ba zan ɓoye ba. Na farko tsawo: babi 30, sama da shafi 450 a yawancin bugu. Na biyu, ba a jere labarin yake tafiya ba. Bayan kusan kowane babi na iyalin Joad, sai ya sako gajeren babi da ba su a ciki, yana magana a kan dillalan tsofaffin motoci, ko masu gidan abinci na gefen hanya, ko yadda ake zuba wa lemo kananzir a ƙona don kada farashi ya faɗi. Wasu daga cikin waɗannan su ne mafi kyawun rubutunsa, wasu kuma wa'azi ne tsagwaronsa, yana nanata abin da labarin ya riga ya nuna. Na uku, kuma shi ne babba ga wanda Turanci ba harshen gidansu ba ne, maganar mutanen. Yana rubuta ta yadda suke furtawa: "fambly" a madadin "family", "an'" a madadin "and". Ba za ka sami waɗannan a ƙamus ba. Dabarar ita ce ka karanta da murya a babin farko-farko, kunne zai gane abin da ido ya kasa, bayan shafi hamsin ka daina lura. Akwai ashar jefi-jefi, kuma Casy yana faɗin ra'ayoyi a kan zunubi da addini da mai karatu mai riƙo ba zai yarda da su ba. Tun a 1939 hukumar gundumar Kern ta Kaliforniya ta hana ajiye littafin a makarantu da ɗakunan karatunta, ko da yake a can abin da ya fi ɓata wa manyan manoma rai shi ne yadda ya tona musu asiri.

Masana adabi da yawa ba su ɗauki Steinbeck a sahun farko ba, suna cewa tausayi ya yi masa yawa. Shi kansa da aka tambaye shi ko ya cancanci Nobel, cewa ya yi a gaskiya a'a. Wannan gardamar ta malaman jami'a ce. Ga mai neman littafin da zai riƙe shi dare bayan dare, yawan tausayi ƙaramin laifi ne. In tsawon ne ya ba ka tsoro, yana da Of Mice and Men na 1937, wajen shafi ɗari, labarin 'yan ƙwadago biyu, George mai wayo da Lennie ƙato mai hankalin yara, da burinsu na mallakar 'yar gona. Gajartarsa ɗaya da ta littafin tsohon masunci, amma shi ba wanda ke gama shi ya ce bai ji komai ba.

Toni Morrison kuwa, in tambayar ita ce wa ya fi iya rubutu a cikin ukun, ni ita zan nuna ba tare da jinkiri ba. An haife ta a 1931 a Lorain ta jihar Ohio, ta yi karatu a jami'o'in Howard da Cornell, ta daɗe tana aikin edita a kamfanin Random House, tana rubuta nata da asuba kafin 'ya'yanta biyu su tashi. Littafinta na farko, The Bluest Eye, ya fito a 1970 tana dab da shekara arba'in, sai Sula a 1973, Song of Solomon a 1977, Beloved a 1987. Ita ce baƙar mace ta farko da ta ci Nobel ta adabi. Ta rasu a 2019.

Tushen Beloved abu ne da ya faru da gaske. A 1856 wata baiwa mai suna Margaret Garner ta gudu daga Kentucky ta ƙetare kogin Ohio da ya daskare zuwa Cincinnati. Wata dokar Amurka ta 1850 ta ba iyayengiji damar bin bayin da suka gudu har cikin jihohin da ba a bauta. Da aka ritsa ta, sai ta kashe 'yarta don kada a mai da ita. Morrison ta ci karo da labarin a wata tsohuwar jarida, ta gina Sethe, jarumar littafin, a kansa. Littafin ya buɗe a 1873, an riga an hana bauta, Sethe na zaune da 'yarta Denver a gida mai lamba 124, wanda fatalwar jaririyar da ta kashe ta addaba har 'ya'yanta maza biyu suka tsere. Paul D, wanda suka yi bauta tare a gonar da ake kira Sweet Home, ya zo ya kori fatalwar. Ba a jima ba sai ga wata budurwa zaune a ƙofar gida, fatarta sumul kamar ta jariri, ta ce sunanta Beloved, kalma ɗayan da ke rubuce a kabarin yarinyar.

Zancen fatalwa ba zai dami mai karatun Hausa ba, mun saba da labarin da abin ɓoye ke zama cikin gida ana hulɗa da shi. Bauta ma ba baƙuwa ba ce a tarihinmu ko a adabinmu. Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san uwar da ta bi sawun ɗanta har ta faɗa hannun masu sayar da mutane. Bambancin shi ne Morrison ba ta tsaya a abin da aka yi wa jiki ba. Akwai wani ubangida da ake kira malamin makaranta, wanda ya sa yaransa su raba takarda gida biyu, su jera siffofin Sethe na ɗan Adam a gefe ɗaya, na dabba a ɗaya gefen. Sethe ta ji da kunnenta. Wannan takarda, fiye da bulalar da ta bar mata tabo mai siffar bishiya a baya, ita ce ta sa ta rantse ba wanda zai sake rubuta 'ya'yanta a wancan gefen. Bayan ta gudu, kwana 28 kacal ta yi cikin 'yanci kafin masu bin sawunta su zo.

Wahalar Beloved iri biyu ce. Labarin ba daga farko yake farawa ba. Guntu-guntu yake zuwa, kamar yadda mai ciwon zuciya ke ba da labari, ya taɓo ya kauce, sai bayan shafuka masu yawa ya dawo. Za ka yi shafi sittin ba ka tabbatar da wane ne wane ba. Can gaba akwai babin da babu aya babu waƙafi, muryoyi suna shiga juna. Kalmominta ba su fi na Steinbeck wuya ba, ginin ne ke bukatar mai karatu da ya saba riƙe zare da yawa a hannu ɗaya. Morrison ta rubuta kundin digirinta na biyu a kan marubuta William Faulkner da Virginia Woolf, kuma ana ganin alamar. Ɗaya wahalar ta zuciya ce. Akwai fyaɗe, akwai azabtarwa, akwai abin da Sethe ta biya mai sassaƙa dutsen kabari da shi. Ba littafin da za ka miƙa wa ɗan aji uku na sakandare ba ne, ba kuma na karantawa da rabin barci ba. Wanda ya ƙudura lalle da Morrison zai fara, ya nemi Song of Solomon: labarin wani saurayi da ake kira Milkman, wanda ya tafi kudu neman zinariya ya dawo da sunayen kakanninsa. Ya fi tafiya a miƙe, kuma batun neman asali da waƙar yara da ta adana salsalar gida zai zauna wa Bahaushe daram.

Tunda sunan Faulkner ya shigo, kada wani ya ruɗe ka ka fara da The Sound and the Fury na 1929. Kashinsa na farko ta bakin wani mai taɓin hankali ɗan shekara 33 aka ba da shi, wanda jiya da shekara ashirin baya duk ɗaya ne a wurinsa. Babban littafi ne, amma ka bar shi sai ƙafarka ta yi ƙwari. The Great Gatsby na F. Scott Fitzgerald, na 1925, gajere ne, kuma tun 2021 haƙƙin mallakarsa ya ƙare a Amurka, ana samunsa kyauta a intanet, saboda haka ba sai ka kashe kuɗin littafinka ɗaya a kansa ba.

To, in dare biyu kawai gare ka, kuma burinka ka koyi rubuta Turanci mai tsabta, kamar ɗan jarida ko mai rubuta rahoton ofis, ɗauki Hemingway, ka karanta shi sau biyu, na biyun da fensir a hannu. In ka riga ka saba da manyan littattafai, ka taɓa gama wanda ya ba ka wuya kuma ka ji daɗin wuyar, tafi kai tsaye wajen Morrison, ba abin da sauran biyun za su ba ka da ya kai nata. Wanda yake tsakani, Turancinsa ya isa amma bai saba da dogon labari ba, kuma yana so ya ga mutanen da zai gane, Steinbeck ne nasa. Yawancin masu yi mini wannan tambaya a nan suke.

Shi ƙanen nawa The Grapes of Wrath na ce ya nema, ko na gwanjo ne, in da hali bugun da ke da gabatarwa da bayanin kalmomi a baya. Na kuma ja masa kunne a kan babi na 3. Babu mutum ko ɗaya mai suna a cikinsa, kunkuru ne kawai yake ƙoƙarin tsallaka titi, wata mata ta kauce masa da mota, wani direba ya karkato da gangan ya buge shi, ya wuntsula, ya juyo da kyar ya ci gaba da tafiya inda ya nufa. Na ce masa a nan mutane da yawa ke ajiye littafin, shi kada ya tsallake, shafi uku ne, kuma a babi na gaba Tom Joad zai tsinci kunkuru a hanya ya naɗe shi cikin kwat ɗinsa.